Ginin Ƙasa Ba Ya Son Kaɗaici: Tsofaffin Soraye da Baƙin Ayari a Tasawa da Mayahi

A watan Janairun 1851 wani ayarin gishiri na Abzinawa ya gangaro daga duwatsun Abzin, ya ratso Damargu, ya sauke kaya a gefen Tasawa. Cikin ayarin akwai wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda yake tafiya da sunan Abdulkarim. Daga baya ya rubuta cewa wannan ne babban garin ƙasar Hausa na farko da ya gani da idonsa, kuma garin ya kwanta masa a rai: gidaje cikin inuwar itatuwa, kasuwa tana ci, marina suna aiki, ga masu sayar da soyayyar fara. Daga nan ya bi ta Gazawa ya shiga Katsina, ya isa Kano a farkon watan Fabrairu.

Masu karanta wannan labari Baturen suke bi da ido. Ni ayarin nake kallo. Jama'a masu ɗimbin yawa da raƙumansu su sauka wa gari a yini guda, garin kuma bai ruɗe ba, domin ya san aikin. Akwai zango. Akwai fatoma, mai masaukin da zai ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya karɓi la'adarsa ba wanda ya ga abin kunya a ciki. Mata su fito da fura da tuwo, yara su kawo harawa da ruwa, mahauta su ƙara yanka. Saukar da jama'a a dunƙule tsohuwar sana'a ce a wannan ƙasa. Ta girmi kwalta, ta girmi otal.

Ayari bai daina zuwa ba, raƙuman ne suka koma motocin haya. Duk wanda ya yi Sallah ko wani babban biki a Tasawa, Mayahi, Korgom ko Kanambakashe ya san yadda ake yi. 'Yan gari mazauna Yamai, Agadas, Kano da Legas su dawo da mata da 'ya'ya, a rarraba su gidajen dangi, wasu kan tabarma a tsakar gida, wasu a zaure, wasu a ajin makaranta in an dace da hutu. Ma'aikatan da suka zo bita ko rangadi kuwa, da la'asar ta yi sai direba ya juya kan mota zuwa Maraɗi ko Damagaram. Can za a kwana, can za a ci, can kuɗin zai zauna. A lungun bayan kasuwa kuma, ko a ƙauyen da ke gaba, ga tsohon gida mai soraye huɗu ko biyar a garƙame, magada sun watse, akuya ce ke shiga ta inda katanga ta zube. Baƙi sun rasa makwanci, gida ya rasa mai kwana cikinsa, tsakaninsu kuma bai fi tafiyar minti goma ba.

Yadda soro yake mutuwa

Ginin ƙasa irin na Hausa ba abin raini ba ne. Magini zai sa a kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu tana jiƙa, a mulmula tubali mai tsinin kai a shanya, sannan a jera shi a tsaye ana cusa kwaɓi tsakani. Gindin bango da kauri, yana hawa yana sirancewa. Rufi kuwa azara ce, tsagin giginya wadda gara ba ta cika damunta ba. Ana ɗaura ta gaɓa-gaɓa ana lulluɓewa da ƙasa har ta tanƙwaro ta zama bakan gizo, bakunan su haɗu a tsakiya su ba da daurin guga. Daga waje a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke sa bango ya yi duhu ya ƙi shan ruwa. Masu hali laso suke sawa a kan rufi da zankwaye: katsin da aka kwaso daga gindin karofi, a ƙona a daka, a haɗa da gashin da majema suka kankare da ruwan dafara. Ka ga ke nan marinar da Barth ya gani tana da hannu a rufin soraye. Da rini ya ja baya, laso ya bi shi.

Wanda ya taɓa shiga irin wannan ɗaki da azahar ɗin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba ya bukatar bayani. Waje wuta, ciki kamar bakin randa. Da hunturu kuma bangon ya riƙe ɗumin rana ya saki da dare.

Sai dai ginin yana da sharaɗi, a zauna cikinsa. Mutuwar soro daga sama take farawa. Ganye ko sheƙar tsuntsu ta toshe indararo, ruwa ya kwanta kan rufi, ya sami 'yar tsaga ya bi azara. Ko kuma ruwan da ke zubowa ya riƙa dukan gindin bango yana zaizaye shi. Mai kwana a ɗakin zai ga ɗigon a daren, gari na wayewa ya hau da kwaɓi a ƙwarya ya toshe. Gidan da ke kulle ba mai gani sai rufi ya rufta.

Na ga haka a gidan da aka haifi mahaifiyata. Akwai zaure mai daurin guga da muke karatun allo a cikinsa in mun je hutu. Kakanmu ya rasu, kawunnanmu kowa yana inda abinci ya kai shi, aka sa kwado. Ba wanda ya ƙi gidan, kowa dai yana jin wani zai tura kuɗin yaɓe. Damina uku aka yi. A ta huɗu aka bugo waya cewa zauren ya kwanta, azarorin ma maƙwabta sun kwashe kafin gara da ruwa su gama da su. Har yau in na tuna abin yana ci mini rai, don abin da zai tsare shi bai kai kuɗin ragon layya ba a shekara.

Kada a ce ƙananan gidaje kaɗai abin ke samu. Daminar 2024 ta yi ɓarna ƙwarai a Nijar, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi shan wuya, kuma a farkon watan Satumba na shekarar tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai ƙarfi. In masallacin da idon gari duka ke kansa zai faɗi, ina ga soron ƙauye?

Wani gyaran ma kisa ne. A shafe bangon ƙasa da siminti, a ga ya yi sumul, a yi murna. Siminti ba ya barin bango ya yi numfashi. Laima ta taru a bayansa, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, wata rana ya ɓamɓaro da ɓarin bango a jikinsa.

Abin da wasu suka yi da nasu

A Ingila, a 1965, John Smith da matarsa Christian suka kafa wata gidauniya mai suna Landmark Trust. Dabararsu ba ta da wuyar fahimta: a ceto tsohon ginin da ke shirin faɗuwa, a gyara shi da irin kayan da aka gina shi, a riƙa ba iyalai da abokai hayarsa na 'yan kwanaki, kuɗin hayar ya koma kan kula da shi. Yau suna da gine-gine wajen 200, yawanci a karkara. Sifaniya ta hannun gwamnati ta bi, tun 1928 take buɗe masaukan da ake kira Paradores, da yawansu a tsofaffin fadoji da ganuwoyi.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Kasamans, kudancin Senegal. A shekarun 1970 ƙauyuka irin su Elinkine da Enampore suka gina masaukai da salon gininsu na gargajiya, mutanen gari ke riƙe da su, ribar tana zuwa ɗakin shan magani da makaranta. Abin ya yi kyau har rikicin yankin ya tashi a 1982, baƙin Turai suka ja baya, masaukai da yawa suka shiga wani hali. Agadas ma ta ɗanɗana irin wannan. Gidan da aka gina wa Kawusan, jagoran Abzinawa, a daidai ƙofar babban masallaci mai hasumiyar mita 27 ya zama otal, tsohon garin ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, amma tawayen 2007 da sace-sacen Turawa da suka biyo baya sun riga sun kore masu yawon buɗe ido. Mai gyara gida don Bature ya ɗaura rayuwar gidan a kan sanarwar ofishin jakadancin wata ƙasa.

Darasin da ya fi amfanar mu yana Dandaji, wani ƙauye a jihar Tawa. Can akwai tsohon masallacin ƙasa na salon Alhaji Falke Barmu, maginin nan da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Masallacin Dandaji ya tsufa, ya yi wa jama'a kaɗan. Maimakon a rushe shi, Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar mai zanen gine-gine, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa, aka gama a 2018. Maginan da suka san ginin tun asali aka kirawo suka yi gyaran. Ginin ya rayu don an ba shi sabon aiki, kuma masu shigarsa kullum mutanen garin ne.

Me za a zo gani?

Wannan tambaya ce da 'yan ƙasa da kansu suke yi, wai me ke akwai a nan ban da gero da rairayi. Tana ba ni mamaki.

Tasawa tana kan babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, kusan tsakiya. Sarautarta reshe ce ta gidan Katsina na dauri, waɗanda suka yi arewa bayan jihadi ya ci birninsu a farkon ƙarni na 19 suka kafa Maraɗi, rikicin cikin gida kuma ya kawo wani ɓangarensu Tasawa a ƙarshen ƙarnin. Bakatsinen da ya zo nan gida ya zo. Kirarin fada, sarautu, karin harshe, duk zai ji abin da ya sani. Faransawa ma a Tasawa suka fara zaunar da kumandan mai kula da wannan yanki kafin Maraɗi ta karɓe matsayin.

Gabas da garin akwai Maijirgi, kuma a nan ya kamata kowane ɗalibin tarihi ya tsaya. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa tana kashe mutane. Ta yi a Lugu inda Sarauniya ta tare ta, ta yi mummunan kisa a Birnin Ƙonni, ta iso ƙasar Tasawa ta yi a Koran Kalgo. Labari ya kai Faris, aka turo Kanar Klobb ya tsayar da su. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojinsu baƙar fata suka juya musu, suka kashe Chanoine, suka kashe Voulet. Kaburburan da aka yi musu suna Maijirgi. An ruwaito cewa a 1923 wani jami'in mulkin mallaka, Robert Delavignette, ya sa an tone su aka tarar ba kowa ciki. Sauran rundunar ta wuce ta ci Damagaram a ƙarshen watan. Waɗanda aka kashe a ƙauyukan nan ba su da dutse mai suna, jikokinsu ne ke riƙe da labarin a ka. Mai wucewa a mota ba zai ji shi ba. Sai wanda ya kwana, ya zauna da dattawa bayan isha'i, aka sha shayi har zagaye na uku, shi ake buɗe wa baki.

Ta wajen Mayahi kuwa Gulbin Kaba ne, kwarin da ya ci sunan kabar goruba, inda hannun mata ke mai da ita tabarma da igiya da faifai. Sannan ga gawo. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 an ɗauka ƙasar nan ta zama fako. Manoman jihar Maraɗi suka koma barin tohon kututture a gona suna yi masa aski maimakon sarewa, abin da ake kira sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya taimaka wajen yaɗawa tun 1983. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kadada wajen miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Masana daga ƙasashe da yawa sun zo ganin wannan aiki. Yaranmu na birni da yawa ba su san gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani ba.

Ga baƙin da nake nufi. Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da ta André Salifou a Damagaram, da takwarorinsu na Katsina da Kano. Tsofaffin 'yan aji ɗaya da ke son haɗuwa bayan shekara ashirin. Zuriyar da ta bazu tana son jikoki su san juna. Ma'aikatan lafiya da na gona masu bita. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 baƙon Turai ya ƙara wuya, iyakar Najeriya ma ta yi watanni a rufe kafin a buɗe ta a Maris 2024, kuma ba wanda zai ɓoye cewa 'yan bindiga sun addabi wasu sassan jihar ta wajen Madarunfa da Gidan Rumji. Duk da haka biki bai tsaya ba, Sallah ba ta tsaya ba, zumunci bai tsaya ba. In layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 ya kammala, ayarin zai ƙaru.

Inda gizo ke saƙa

Abu na farko da za a ce shi ne Bahaushe ba ya karɓar kuɗi a hannun baƙo. Gaskiya ne game da baƙon zumunci, kuma kada Allah ya nuna mana ranar da za a yanka wa ɗan'uwa kuɗin tabarma. Amma fatoma ma Bahaushe ne. Kakanninmu sun bambance baƙon gida da baƙon zango, ba su ga saɓani ba.

Na biyu sunan otal. A garuruwanmu kalmar tana da wari, dattijo ba zai so a ce gidan ubansa ya zama otal ba, kuma ina bayansa. Amma dubi yadda aka tsara babban gidan Hausa. Zaure a gaba inda maza ke zama, fili, shigifa, sannan cikin gida da sassa daban-daban, kowane da ɗakunansa, ga madafa, ga rijiya ko randuna, ga inuwar bedi ko ɗurumi. Don jama'a aka gina shi tun farko. Ayarin mutum ashirin ko talatin zai shiga ya zauna daram, mata da yara a ciki, maza a waje, ba a sauya ko bango ɗaya ba. Gidan da ake ba ƙungiya sananniya gaba ɗayansa, da sanin mai unguwa, ya yi nisa da ɗakin da ake ba kowa da tsakar dare.

Na uku shi ne mai wuyar, gado. Gida na mutum goma sha biyar, ba mai ikon sayarwa, ba mai jin nauyin gyara. Nan sai an zauna an rubuta, gaban sarki ko alƙali, da shaidu: wane ne wakili, kwana nawa a shekara gidan yake na dangi kaɗai, kuma kafin a raba ko dala a fitar da kuɗin yaɓe a ajiye. In magada sun amince su mai da shi waƙafi, ya fi kwanciyar hankali. Riƙon asusu da girki kuwa ba sai an je nesa neman masu iyawa ba. A jihar Maraɗi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, da tallafin CARE, tsarin adashi da rance da ya bazu daga nan zuwa ƙasashe da dama. Matan da suka shekara talatin suna riƙe akwati mai makulli uku ba lissafin kwanan baƙi ne zai gagare su ba.

Sauran aikin na magina ne, kuma a nemi tsofaffinsu tun suna da ƙarfin hawa tsani, a haɗa su da samari. Baƙon yau yana son banɗaki mai tsabta da ruwa da wurin cajin waya da gidan sauro, haƙƙinsa ne. Amma a gina banɗakin can gefe, nesa da tsohon bango, kada a bi da bututun ruwa ta cikin tubali. Faifan sola a kafa masa ƙarfe a ƙasa, kada a huda rufi. In an ga tsaga a kira mai kwaɓi, kada a kira mai siminti. Hukumar gari za ta iya farawa da abin da ba ya cin kuɗi, ta zaga ta rubuta tsofaffin gine-ginen da suka rage a kowace karkara, na sarauta da na fatake da na zamanin kumandan, da sunan maginin in ana tunawa. In ta tashi shirya bita ta gaba kuma, ta kama ɗaya daga ciki.

Shekarar ma kamar don wannan aka tsara ta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu an gama kaka, rumbuna sun cika, hanya ta bushe, dare da sanyi, lokacin baƙi ke nan. Abin da aka tara a watannin nan shi zai sayi makuba ya biya magina a Maris da Afrilu, lokacin da ƙasa ke bushewa da wuri kuma samari ba su shiga gona ba. Kafin hadarin farko ya haɗo daga gabas a ƙarshen Mayu, an hau rufi an share, an toshe tsaga, an gyara bakin kowane indararo. Da damina dangi su karɓi gidansu, ko a ba malamin makaranta ɗaki guda kyauta, don dai a sami mai jin ɗigon ruwa da dare.